Gurbin da ke Gefen Dorathy

Kafin gari ya waye sosai Ɗanasabe ya riga ya fita, fartanya a kafaɗa. Ba gona ya nufa ba. Ya bi ta bayan majami'a, ya ɗage ƙyauren karan da ke bakin shingen aguwa, ya shiga maƙabarta. A kusurwar gabas kabarin matarsa Dorathy yake, a gefensa kuma akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Nan ya sunkuya ya fara cirar ciyawa. Yakuwa ce shuke a wurin, ta kai masa gwiwa, raɓa na ɗiga daga ganyenta.

Mutanen Gidan Jatau sun daɗe da daina mamaki. Matan da ke wucewa rijiya sukan leƙo ta saman shinge su ce, "Baba, an tashi lafiya? Ana gyaran ɗaki?"

"Ana gyarawa," yakan ce, ba tare da ya ɗago ba.

Wurin kabarinsa ne. Tun ranar da aka rufe Dorathy ya keɓe shi, dattawan ikkilisiya kuma suka bar masa. Ya san halin ƙasar nan tamu. Daga Bici har Ɗanbatta gona jingine take da gona, abin da ya raba su bai wuce layin gamba ba, kuma duk inda ido ya ga fili babu shuka, hannu zai kai gare shi. Maƙabartar ma ƙarama ce. Wani dattijo ne ya yanka ta daga gonarsa tun lokacin da masu bi ba su da yawa, yanzu kuwa ta kusa cika. Shi ya sa Ɗanasabe ya shuka yakuwa, don duk wanda ya shigo da diga ya ga akwai hannun mutum a wurin. Ba mai cin yakuwar. Takan girma ta yi ja ta bushe, ya tara irin a ƙoƙo, ya jera karan a kan filin har rani ya wuce, damina ta faɗi ya sake shukawa.

Manomi ne kamar kowa. Gero da dawa da wake, gyaɗa kaɗan, awaki a turke. Da rani yana kai taki gona a bayan jaki, da la'asar yana saƙar zana. Bai yi karatu ba, kuma magana ba ta dame shi ba. A majami'a akan ba mutane dama su tashi su ba da shaida, wasu su yi ta zuba har yara su fara gyangyaɗi. Ɗanasabe bai taɓa tashi ba. Amma lokacin da iska ta yaye rufin majami'ar shi aka gani a sama da guduma, kuma da wuya a sami kabari a cikin shingen nan da bai shiga raminsa ya fitar da ƙasa ba. Mai son sanin abin da ya gaskata sai ya dubi nan, don bakinsa ba zai faɗa ba.

Ba a cikin ikkilisiya aka haife shi ba. Ubansa mai tsohon addini ne, cikin waɗanda maƙwabta ke kira Maguzawa. Kafin shuka yakan yanka jan zakara a gindin wata kuka, ya zuba giya a ƙasa, ya kira sunayen iyayensa. Da zamani ya juya, gidan ya rabu. Wasu suka musulunta suka koma cikin gari, wasu suka bi Almasihu. Mutum ɗaya ne ya tsaya inda uban ya bar su, wato Nababa, ƙanin Ɗanasabe.

Dorathy ce ta ja Ɗanasabe, kuma ba da wa'azi ba. Ɗansu na fari ya rasu yana goye. Tsofaffin gida suka ce a rufe shi a manta, kada a ƙara kiran sunansa. Ita kuwa da ta zauna bakin murhu sai ta ce, "Zan sake ganinsa." Ba ta ɗaga murya ba, ta faɗe shi ne kamar mai cewa gobe kasuwa. Ɗanasabe ya yi kwanaki yana juya maganar. Ranar Lahadi ya bi ta, ya zauna a bencin baya don ya ji wa ya gaya mata haka. Ya ji an ce Yesu ya mutu, an rufe shi, ya tashi, kuma ranar da za a busa ƙaho duk wanda ke ƙarƙashin ƙasa zai tashi da jikinsa. Bai yi tambaya ba. Bayan kaka aka yi masa baftisma, tun daga nan bai sake zuwa gindin kuka ba.

Nababa bai yi fushi ba, dariya ya yi. Gajeren mutum ne mai giɓi, mai son raha, wanda ba a rasa shi duk inda tukunya ke kan wuta. Ranar Kirsimeti yana zaune da akushinsa tun kafin a sauke shinkafa. Ranar Babbar Salla yana ƙofar gidan Malam Sama'ilu, maƙwabcinsu na gona, yana jiran soye. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yan da suka haifa ba wanda ya rayu. Ɗakinsa na cikin gidan wansa, tuwonsa kuma daga tukunyar Dorathy yake fitowa. Da yake ƙanin miji ne akwai wasa tsakaninsu, kuma ba ranar da ba su yi shi ba.

"Matata, yau me kika dafa wa mijinki na gaskiya?"

"Mijina na gaskiya yana gona. Kai na banza, ga ƙanzo nan."

"Ki yi ta wulaƙanta ni. Wannan tsohon zai tafi ya bar mini ke."

"Ka fara wanke rigar nan tukuna. Warin giyarka ya hana kajina ƙwai."

"To ranar ƙahon nan naku ki taimaka ki tashe ni. Kin san barcina da nauyi."

"Da muciya zan tashe ka."

Abu ɗaya ne Nababa ba ya wasa da shi. Ubansu an rufe shi ne a gefen gonarsa, a ƙarƙashin wata kanya, kamar yadda ake yi a da. Aka yi rabon gado, gonar ta faɗa hannun wani ɗan'uwa, daga shi ta wuce hannun baƙo. Baƙon ba mugu ba ne, bai san akwai mutum a wurin ba. Ya sare kanyar don inuwarta na hana gero girma, ya sa shanu da garma. Wata safiya 'yan'uwan biyu suna wucewa suka ga huɗa ta bi ta kan wurin a miƙe, ga wani guntun ƙashi a kan ƙasar da garma ta juyo. Ɗanasabe ya ɗauka, ya tona rami da hannu ya mayar. Nababa ya tsaya kawai yana kallo. Ya yi kwana da kwanaki bai tsokani kowa ba.

Idon Dorathy ya fara mutuwa bayan aurar da Tabita, 'yarsu ɗaya da ta rayu. Tun tana gani dishi-dishi har ya rufe gaba ɗaya. An kai ta asibiti a Kano, aka ce an makara. Daga nan Ɗanasabe ya zama idonta. Ba ta son sanda, sai dai ta kama gefen rigarsa. Haka suke zuwa majami'a, haka suke zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, shi a gaba yana cewa "rami," "dutse," "kashin saniya," ita a baya tana ba shi labarin abin da ke faruwa a gari, don makanta ba ta hana ta sanin komai ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta laluba ta kama hannunsa ta ce, "Maigida, ranar tashi akwai cunkoso. Kada ka yi nisa." Ya ce, "Ina gefenki." Iyakar alkawarin ke nan, kuma shi ya haifi filin yakuwa.

Ya riƙe filin kamar wanda aka ba amana. Da asubahin ranar Ista, bikin tashin Yesu, matan zumunta na majami'a sukan shiga maƙabarta suna waƙa, jama'a na biye. Ɗanasabe ba ya waƙa, muryarsa ba ta da daɗi kuma ya sani. Yakan tsaya a kan wurinsa ya ware ƙafa, kada masu murnar tashin matattu su tattake masa karan yakuwa. Nababa kuwa daga bayan shinge yake kallo, in an fito ya ce, "Yaya, kai kaɗai na sani da ke gadin gidan da bai tare ba."

Mai bishara Aaron, wanda ke riƙe da majami'ar, ɗan cikin Ɗanasabe ne a shekaru, mutumin kirki kuma. Wata safiya ya tarar da shi yana cirar ciyawa, ya ga ya dace ya sauƙaƙa masa.

"Baba Ɗanasabe, ka san Mama ba za ta tashi da makanta ba ko? Sabon jiki za a ba ta. Ba ta buƙatar ɗan jagora."

"Na sani."

"To wahalar me kake sha kullum?"

Ɗanasabe ya kakkaɓe ƙasa daga saiwar ciyawa ya jefa ta bayan shinge. "Ta daɗe ba ta ga fuskata ba. In idon ya buɗe, ina so da ni za ta fara."

Aaron ya ce Allah ya nufa, ya wuce. Bai sake ta da maganar ba.

A wata damina, lokacin da gero ya fara fitar da kai, Nababa ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya daina shiga. Tabita ta baro gidan mijinta a Bacirawa cikin Kano ta zo jinya. Aaron ya zo ya zauna bakin gadonsa ya yi masa maganar baftisma cikin ladabi. Malam Sama'ilu ma ya zo da nasa kiran, cikin ladabi shi ma. Nababa ya saurari kowa ya yi godiya. Ya ce ya tsufa da sauya hanya, kuma in ya je can da baƙon suna iyayensa ba za su gane shi ba.

Wata la'asar, bayan masu dubiya sun watse, ya kira wansa.

"Yaya, zauna. Ba wasa zan yi ba."

Ɗanasabe ya zauna a bakin gado.

"Ku kuna da tashi. Kai da matata, ko kura ta kwashe ƙasusuwanku kun ce za a tattaro. Ni ban san wannan ba. Kwanciyar nan ita kaɗai na san ina da ita. Kada ka bari shanu su bi ta kaina kamar Baba."

"Ba za su bi ba."

"Ka amsa da sauri. Ina za ka sa ni?"

Ɗanasabe bai sani ba. Ya gyara masa mayafi ya fita.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Nababa ya cika. Maza suka taru a inuwar ƙofar gida. Gawa ba ta jira, dole a rufe kafin rana ta faɗi, kuma tambayar da mamacin ya yi ita ce a gaban kowa. Cikin gida ba wuri, ɗakuna sun haɗe, ga rijiya a tsakar gida. Kurmin da kakanni ke kwance ya daɗe da zama gonar dawa.

Malam Sama'ilu ne ya fara magana. "Wallahi Ɗanasabe, da ya furta shahada ko sau ɗaya a kunnena, da ni zan fara kama makararsa zuwa tamu. Bai yi ba, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ga kusurwar gonata ta wajen kuka. Ku sa shi a nan. Muddin ina numfashi garma ba za ta taɓa wurin ba."

"Na gode, Malam. Kai ka yi alkawari. 'Ya'yanka ba su yi ba."

Malam Sama'ilu ya sunkuyar da kai, don ya san haka ne.

Aka juya ga Aaron. Shi ma bai yi kwana-kwana ba. Ya ce filin majami'a na 'yan ikkilisiya ne, a kan haka aka bayar da shi, kuma 'yan guraben da suka rage ta yamma akwai tsofaffi masu baftisma da ke jiran su. Ba zai ɗauki na wani ya ba wanda bai taɓa shiga ba. Shawararsa ita ce a kai Nababa gefen gonar Ɗanasabe a kewaye da ƙaya. Mutane suka gyaɗa kai. Shawara ce mai kyau, kuma da Ɗanasabe ya karɓa ba wanda zai ce ya ci amanar ɗan'uwansa.

Ɗanasabe ya tashi ya bar su zaune, ya nufi bayan majami'a.

Yakuwa ta yi kyau a wannan shekarar. Ya tsaya a kanta yana kallo. Ya san makomar gonarsa. Bayan ransa Tabita ce mai ita, ita kuwa a birni take, ba za a daɗe ba gonar za ta faɗa hannun wani. Ƙaya kuma ko ta ruɓe ko a kwashe ta a hura wuta. A duk faɗin ƙasar nan wurin da garma ba ta shiga shi ne cikin wannan shingen, kuma a cikin shingen abin da yake da iko da shi wannan shimfiɗar tabarmar ce kaɗai.

Ya dubi tudun Dorathy. Shekara da shekaru yana tsugunne a nan kowace safiya yana tsaron wuri, kamar mai tsoron in an busa ƙaho za su ɓace wa juna. Sai ya tambayi kansa abin da bai taɓa tambaya ba. Ya yarda za a tashi, ko bai yarda ba? In ya yarda, to wanda zai iya ɗauko ƙashi daga bakin garma ya mayar da shi mutum ba zai kasa nuna wa mace inda mijinta yake ba. Ɗansu na fari ma ba wanda ya san takamaimai inda yake kwance yanzu, amma Dorathy ba ta taɓa shakkar ganinsa ba. In kuwa bai yarda ba, to yakuwar nan da duk ciyawar da ya cire aikin banza ne. Ta ko'ina ya duba, wurin bai zama dole gare shi ba. Wanda ya zama wa dole shi ne wanda ya mutu da tsoro.

Sanin haka bai rage masa zafi ba. Da bakinsa ya ce yana gefenta, hannunsa na cikin nata. Kuma gaskiya ce da ya gaya wa Aaron, yana so da shi za ta fara. Ya daɗe a tsugunne har ƙafarsa ta yi sanyi. Sannan ya ce a hankali, da muryar da yake gaya mata rami ko dutse a hanya, "Zan ɗan matsa. Ki nemo ni." Ya kama yakuwar farko ya tumɓuke ta.

Tabita ce ta fara iske shi, ya riga ya tumɓuke fiye da rabi.

"Baba, me kake yi?"

"Je ki ce su kawo diga da shebur."

Ta dubi yakuwar da ke zube, ta dubi kabarin uwarta, ta gane. "Baba, a gabana ka yi wa Inna alkawari."

"Na yi."

"Baffa fa bai taɓa zama a majami'a ba sai in ana rabon shinkafa. Shi zai kwanta gefen Inna, kai a kai ka bakin gona?"

"Lokacin da uwarki ke da ido, ko a kasuwar Ɗanbatta muka rabu ita ke nemo ni. Ni ban taɓa nemo ta ba. Ranar nan kuma da ido za ta tashi."

"To shi Baffa, zai tashi?"

"An ce kowa zai ji ƙahon. Abin da za a yi da shi bayan nan ba ni aka ba wa ba. Ni rufe shi aka bar mini. Je ki kira su."

Ta tafi tana share hawaye da gefen mayafi.

Aaron ya zo da sauri, sauran na biye da shi. Da ya ga filin a share ya fara maganar ƙa'ida. Ɗanasabe ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Wannan wurin na wa ne?"

"Naka ne, Baba. Kowa ya sani."

"To na bayar. Ban taɓa na kowa ba."

"Kai kuma fa? Ka san ba wani gurbi. Ba zan iya yi maka alkawarin wani ba."

"Ban roƙa ba."

Aaron ya shafa ƙeya. Can ya ce, "Ba zan iya yi masa hidima irin ta mai bi ba. Ba zan tsaya a kansa in faɗi abin da shi bai faɗa ba."

"Ba wanda ya ce ka faɗi komai. Ga diga nan."

Aaron ya dubi digar, ya dubi dattawan da ke bayansa. Wani ya kau da kai. Wani ya ce, "Wurinsa ne dai." Sai Aaron ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓa. Akwai waɗanda ba su ji daɗi ba, amma ba wanda ya riƙe masa hannu.

Ni ma ɗan Gidan Jatau ne, ina cikin waɗanda suka yi haƙan. Ƙasar ta sha ruwa, ba ta yi gardama ba, sai dai dole a bi a hankali kada a rushe bangon kabarin Dorathy. Ɗanasabe da kansa ya shiga ya fitar da ɗan kabari, wato ƙaramin ramin da ake kwantar da gawa a cikin babban, ya daidaita shi da tafin hannu. Da aka zo kan itacen rufi sai aiki ya tsaya, don ba wanda ya tanada, ɗanyen reshe kuwa gara ba ta barin sa. Ya tura mutane ɗakinsa. Ashe a bayan buhunan iri akwai guntayen ƙirya da ya daɗe da yankewa daidai faɗin rami, busassu, masu nauyi kamar ƙarfe. Na kansa ne. Ƙirya ta yi wuya yanzu a ƙasarmu, ban san inda ya samo su ba. Aka kawo Nababa a naɗe cikin farin ƙyalle, aka kwantar da shi, aka jera itacen a kansa. Suka zauna daram.

Malam Sama'ilu ya kawo ruwan kwaɓa laka a amalanken shanunsa. Shi da mutanensa suka tsaya daga wajen shinge har aka gama. Ba a yi waƙa ba, ba a yi wa'azi ba. Da aka tara ƙasa ta yi tudu, Ɗanasabe ya fito yana wanke hannu a bakin amalanke. Malam Sama'ilu ya matso ya rage murya.

"Yau dai Nababa ya cika maganarsa. Ya ce zai gaje maka mata, ga shi tun kana raye ya ƙwace."

"Bar shi, Malam. Bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Ni na zauna da ita, na san bakinta."

Suka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Sannan Malam Sama'ilu ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya kora shanunsa.

Ba zan ce Ɗanasabe ya yi farin ciki bayan wannan ba. Ya rame, tafiyarsa ta ƙara nauyi. Gida ya yi masa shiru, ba mai tsokana, ba mai neman tuwo kafin ya nuna. Tabita ta so ta tafi da shi Bacirawa, ya ƙi, ya ce wakensa bai isa cira ba. Kafin ta koma ta tambaye shi inda yake so a sa shi in lokaci ya yi, don kada a bar ta cikin ruɗani. Ya ce inda aka samu. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce amsar da yake da ita ke nan, kuma ta ishe shi.

Masu magana sun yi magana, har yau ba su gama ba. Wasu sun ce ya ɓata maƙabarta, wasu sun ce tsarkakken mutum ne. Na gaji da jin duka biyun. Abin da na sani shi ne, na ga mutane da yawa da ke rera waƙar tashin matattu har jijiyar wuya ta fito, amma ban ga da yawa da za su saki taku ɗaya na ƙasa saboda ita ba. Shi kansa bai taɓa zama ya yi wa kowa bayani ba. Ranar Lahadi yana bencinsa na baya, in an tashi ya gaisa da mutane ya tafi ba awaki ruwa.

Ganin ƙarshe da na yi masa bayan girbi ne, ina kan hanyar komawa Bici wajen aiki. Yana gindin darbejiyar bakin gonarsa da gatari. Ya sassaro rassa masu kauri, yana auna kowanne da kamun hannunsa yana datsewa daidai faɗin rami. Na tsaya na yi masa sannu da aiki, na ce darbejiya ba ta kai ƙirya ƙarko ba.

"Ba ta kai ba," ya ce. "Amma za ta yi. Ai ba dawwama zan yi a ciki ba."

Ya tattara guntayen ya ɗaure su da igiyar rama. Na miƙa hannu zan taimaka, ya ce in bari kada mota ta wuce ni. Ya durƙusa, ya ɗora su a ka da ƙyar, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya bi ta tsakanin karan dawa ya nufi gida.